Wadda Ba Na Kiran Sunanta

Kwana biyar suka rage mini. Takardar da ta zo daga Damagaram ta faɗa dalla-dalla: ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe in bayyana a makarantar horar da malaman lise, wato babbar sakandare, riƙe da takardar haihuwata ta asali da difilom ɗina na asali. In ban zo ba, a ba mai bi mini gurbin. Mu ɗari huɗu da wani abu muka zauna jarrabawar, aka ɗauki talatin, ni ce ta tara. Ni Hindatu, malamar Faransanci ta wucin gadi a kolej, ƙaramar sakandaren garinmu Waca, wadda ta shekara uku tana haɗiyar garin alli.

Takardun kuwa suna cikin adakar Baffa Tanko, wan mahaifina marigayi. Tun da Baba ya rasu, duk wata takarda ta gidanmu, har katin rigakafin awaki, a can take kwana. Makullin yana rataye a wuyansa, igiya ɗaya da tsinken sakace.

Na same shi a gindin bishiyar bedin da ke bayan dangarmu, inda yake yini yana tufkar igiya.

"Ni ba ni da ta cewa, ƴata," in ji shi. "Sai uwarki ta ce ki tafi, in ji da kunnena, sannan in buɗe adaka. Magana ta ƙare."

"Baffa, ka fa san Inna ba za ta yi maganata a gabanka ba."

"Na sani."

"To ta yaya za ka ji da kunnenka?"

"Wannan kuma ai ku ne masu lekol, ƴan boko."

Ya ci gaba da tufka. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa, ina jin kamar in ɗauki adakar a ka in ruga tasha.

Ga inda matsalar take. Ni ce ƴar fari. Shekarata ashirin da shida, ban taɓa jin sunana a bakin Inna Mero ba. Ba ta kallona ido da ido, ba ta yaba mini, ba ta tambayata inda za ni. Kaka ce ta raine ni, sai da ta rasu na dawo ɗakin uwata, kamar baƙuwar da aka manta ba a sallama ba. Idan tuwo ya sauka, Inna sai ta dubi jar kazarta ta ce, "Ladi, a faɗa wa mai lekol abinci zai huce." Kazar tana da suna, don ranar Lahadi aka sayo ta. Kaza na da suna a bakin uwata, ni ba ni da shi.

Ana ce wa wannan kunya, ana faɗa da alfahari. Ni kuwa na daɗe ina cewa a gaban kowa cuta ce muka ɗaura wa rawani. Nawa ne ƴan fari suka kwanta ciwo uwa tana leƙe daga nesa, tana jiran wata ta zo ta taɓa goshin? Nawa ne suka bar karatu don babu wanda ya buɗe baki ya ce su ci gaba? An san ni da wannan surutu a Waca, kamar yadda aka san ni da wasiƙu uku da na rubuta wa magajin gari a kan a kawo wa unguwarmu injin niƙa. Ƙarar turmi ta ishe ni. Saboda ita nake zama a lekol ina gyaran kaye, wato littattafan rubutun ɗalibai, har rana ta faɗi, sai mata sun kife turame nake dawowa gida.

Da na ce wa Inna, "An ɗauke ni karatu a Damagaram, shekara biyu, me kika ce?" sai ta dubi kazar.

"Ladi, yau wake ya yi tsada a kasuwa."

Shi ke nan amsar da na samu.

Da wannan zafin na shiga ajin ƙarshe ranar Laraba, yara hamsin da biyu, fanka babu. Darasin ranar waƙa ce a littafinsu na Faransanci: wata uwa a bakin teku tana sallamar ɗanta da zai shiga jirgin ruwa. Na karanta musu da murya mai rawa. Na fassara baiti-baiti. Uwar ta rungume ɗan, ta sumbaci goshinsa, ta kira sunansa sau uku, ta yi kuka a gaban fasinjoji, sannan ta saki hannunsa.

Ajin ya yi tsit. Na ce a raina, yau dai na taɓa zukata.

Mas'udu, mai zama a bencin baya don tsawonsa, ya ɗaga hannu.

"Madam, ɗanta na nawa ne?"

"Shi kaɗai gare ta."

"Wato ɗan fari?"

"E."

"Kuma ta kira sunansa? A tasha?"

"A bakin teku."

"A gaban mutane dai."

Wata daga gaba ta ce a hankali, "Wayyo, ba ta da dangin miji ne?" Sai ajin ya fashe. Wani ya faɗo daga benci. Tamu, shaƙiyyin ajin, ya tashi ya rungume Mas'udu yana kukan ƙarya, yana "ɗana, ɗana," Mas'udu yana ture shi yana neman tsari.

Na buga tebur da littafin har alli ya yi tsalle.

"Kuna dariya? Wannan matar ta fi mu gaskiya. Abin da ke zuciyarta ta faɗa. Mu fa? Uwa ta haifi ɗa, ta yi wata tara tana amai, sannan ta shekara talatin tana yi kamar ba ta san shi ba. Ku nuna mini waƙa ɗaya, ɗaya tak, da uwa a ƙasar nan ta yi wa ɗanta da zai tafi. Babu. Mun iya yi wa doki waƙa, mun iya yi wa ɗan kokawa, amma ɗan da muka haifa sai mu gaya wa kaza."

Ban yi niyyar ambaton kazar ba. Na ga wasu sun sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Duk garin ya san Ladi.

"Ku ɗauki bik ku rubuta," na ce. "Aikin gida. Kowa ya je ya tambayi uwarsa: ranar da zan bar gidan nan, me za ki ce mini? Ku rubuto amsar yadda ta faɗa, ku kawo ranar Juma'a. Za mu ajiye ta kusa da wannan waƙar mu gani."

Ranar Juma'a, saura kwana uku, na shiga ajin ban karya ba. Daren jiya na sake gwada Inna, ta ce wa Ladi gobe za a yi zafi.

Mas'udu ne ya fara. Ya miƙe, ya buɗe kaye, ya gyara murya.

"Amsar mahaifiyata. Ta ce: Me ka sata?"

Tamu ya ce tasa uwar ta jefe shi da mara, ta ce in yana da lokacin tambayar banza yana da lokacin ɗebo ruwa. Nafissa ta ce tata cewa ta yi, "In za ki bi ta Magarya ki taho mini da kanwa." Wani yaro daga Yekuwa, wanda ke zaune a gidan kawunsa, ya ce ya buga wa uwarsa waya, ta miƙa wa kakarsa, kakar ta tambaye shi ko aljanu ne. Kowace amsa sai ajin ya kwashe da dariya, ni kuma ina rubutawa a tabulo, allon bango, ina ja mata layi, ina jin daɗi irin na wanda ya ci gardama ko da gardamar ta cinye shi.

"Kun gani?" na ce. "Amsa talatin da ɗaya. Kanwa. Ruwa. Aljanu. Ina waƙar?"

Zulai ta ɗaga hannu. Maƙwabciyarmu ce, ƴar Yalwa, danga ɗaya ta raba mu. Yarinya ce mai shiru, ba ta cika magana a aji ba.

"Madam, ni tawa ba amsa ba ce. Innata ta ce in rubuto abin da suke yi a wurin daka."

"Karanta."

"Ba ya karantuwa, Madam. Sai da turmi."

Kafin in ce wani abu, ƴan matan layinta sun fara buga benci da tafin hannu, dum, dum, irin faɗuwar taɓarya biyu a turmi ɗaya. Zulai ta rufe fuska da kaye ta fara:

*Na shuka gero, ya tsaya inda na sa shi,*
*Na shuka wake, ya kama kara ya hau,*
*Abin da na shuka da fari ƙafa ya fitar,*
*Wadda ba na kiran sunanta.*

Ƴan matan suka amsa layin ƙarshe tare, kamar sun shekara suna yi.

*Zane biyu na goya ta, ta kwance ɗaya da dunduniya,*
*Na ce za ta yi nisa, ban faɗa wa kowa ba,*
*Na kai ta ɗakin tsohuwa, na dawo na rufe ƙofa,*
*Wadda ba na kiran sunanta.*

Malamar da ke cikina ta farka kafin ƴar da ke cikina. Na ruga tabulo na share kanwa da aljanu da gefen mayafina.

"Tsaya, tsaya. Maimaita a hankali. Ku duba nan. Gero ya tsaya, wake ya hau amma yana riƙe da kara, na ukun ya yi ƙafa. Hawa uku ke nan, kowanne ya fi na baya nisa da gona. Kun ga aiki? Kuma me ya sa ta rufe ƙofa bayan ta kai yarinyar ɗakin kaka? Mas'udu."

"Don kada a ga tana kuka, Madam."

"Ta faɗi kalmar kuka?"

"Ba ta faɗa ba."

"Ba ta faɗa ba, amma ka ji shi. Waccan ta bakin teku baiti huɗu ta yi tana zubar da hawaye, wannan ƙofa kawai ta rufe." Ina magana ina tsalle daga wannan gefen tabulo zuwa wancan, alli na karyewa ina ɗaukar wani. "Wannan tsohuwar waƙa ce, Zulai? Ta kakanni?"

"A'a, Madam. Sati biyu ke nan da aka fara ta."

"Wa ya yi ta?"

Zulai ta dubi ƙasa. Ajin gaba ɗaya ya dubi ƙasa, ban da Tamu da ya cusa hularsa a baki.

"Akwai saura, Madam," in ji Zulai. Aka koma buga benci.

*Hannunta fari da alli, bakinta ba ya hutu,*
*Ta kai ƙarar turmina gaban magajin gari,*
*Turmin da ya yi mata ƙashi, sau uku ta kai shi ƙara,*
*Wadda ba na kiran sunanta.*

Allin da ke hannuna ya faɗi. Na dubi hannun. Fari fat.

Can sai Mas'udu ya ce da ladabi, "Madam, mu nemo hawa uku a wannan ma?" Ajin ya tarwatse. Ni ma dariyar nake, ina riƙe da tebur, hawaye na gangarowa cikin garin alli, na kasa bambance wanne ne wanne.

"Inna Mero ce ke bayarwa, sauran suna amsawa," in ji Zulai da aka lafa. "Innata ta ce in kawo miki, wai ke kaɗai ce kurma a unguwar. Akwai baiti ɗaya sabo, jiya aka yi shi. Na adaka."

Na karɓi kayen na karanta baitin da idona. Na ce musu su yi nazarin shafi na arba'in, na fita. Direkta yana ƙwala mini kira daga ofis, na ɗaga masa hannu ban tsaya ba. Na bi ta kasuwa da gudu, malama guda, takalmi ɗaya ya tsinke na riƙe shi a hannu.

Baffa Tanko yana gindin bedi. Na durƙusa ina haki na miƙa masa kayen.

"Ta yarda, Baffa. Ga shi a rubuce."

Ya karɓa, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya miƙo mini.

"Kunnena na ce. Ban ce kayen Zulai ba."

"Amma ai kana nan kullum, kana jin su."

"Ina ji. Na ji na gero, na ji na zane, na ji na magajin gari, wannan har sai da na ƙware da goro. Duk ciki ban ji inda aka ce ki tafi ba. Na ji dai an ce kina da ƙafa da baki, wannan kuwa ba labari ba ne."

"Jiya aka yi shi."

"Jiya ina Dungas wurin ta'aziyya." Ya matsa mini gefen tabarma. "Bayan la'asar suke farawa. Ki dawo ki zauna nan. Amma ki sani, in ta ji motsinki za ta yi shiru, kuma in ta yi shiru ba za ta sake ba sai bayan kin tsufa. Za ki iya rufe baki na rabin awa?"

"Zan iya."

"Ban taɓa gani ba," in ji Baffa.

Bayan la'asar na zo na zauna a bayansa, na jingina da dangar kara. Ta tsakanin karan ina hango ƙafafu da gindin turame biyu. Sabon gero ne, ƙamshinsa har inda muke. Aka zuba, aka fara. Sai na ji muryar.

Ban san Inna na da murya ba. Wadda na sani ƙasa-ƙasa take, ta kaza da tukunya. Wannan kuwa siririya ce mai tsayi, tana hawa kan bugun taɓarya tana sauka, mata biyar suna amsa mata. Ta yi na gero. Ta yi na zane. Da ta zo na magajin gari suka yi shewa, wata ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe.

Sai ta tsaya. Na ji Yalwa ta ce, "Mero, ci gaba mana."

"Bari in sha ruwa."

Ta sha ruwa. Ta gyara ɗaurin zane. Ta ce geron bana ya fi na bara tauri. Aka shiga zancen geron bara. Na ciji mayafina. Raina yana cewa tashi ki tsallake dangar nan ki ce, Inna, don girman Allah baiti ɗaya ne, mota ba ta jira. Na yunƙura. Baffa, ko waiwayowa bai yi ba, ya ɗora sandarsa a kan gefen zanena ya danne.

Taɓare suka koma. Amma ba baitin da nake jira ba ne.

*Akwai wani tsoho a gindin bedi,*
*Makulli a wuya kamar ƙararrawar akuya,*
*Igiya ɗaya yake tufka tun damina,*
*Kunnensa ya fi igiyar tsawo.*

Mata suka zube da dariya. Baffa ya dubi igiyar da ke hannunsa, ya dube ni, ya sa makullin cikin riga a hankali.

"Wannan ba ya cikin kayen," na raɗa.

"Rufe baki," in ji shi.

Sai bugun ya sauya, ya yi sanyi, taɓarya ɗaya kawai. Sauran suka tsaya.

*A gaya wa tsoho ya buɗe adaka,*
*A ba ta takardunta, hanya ta yi kira,*
*Ban ce ta zauna ba, ban taɓa cewa ba,*
*Wadda ba na kiran sunanta.*

*In ta waiwayo ba ta ganina a ƙofa,*
*Ina bayan rumbu, kaza nake nema,*
*Ta je, ta je, Allah ya tsare gabanta,*
*Wadda ba na kiran sunanta.*

Ba wadda ta amsa na ƙarshen. Sai Yalwa ta ce da ƙarfi, tana fuskantar danga, "To, mai kunne dai ya ji." Aka koma daka.

Baffa ya zaro igiyar daga wuyansa, da makullin da tsinken sakacen gaba ɗaya, ya ajiye mini a tafin hannu.

"Ki dawo mini da tsinkena," ya ce. Ya koma kan tufkarsa.

Ranar Asabar na yi sallama da ajin a ƙarƙashin bishiya, ko da yake babu lekol. Na ce musu ban janye maganata ba. Har gobe ina cewa uwa ta kira ɗanta da sunansa, ta taɓa goshinsa in yana zazzaɓi, kuma injin niƙa zai zo unguwarmu ko da wasiƙa ta goma ce. Abu ɗaya na janye: na ce babu waƙar, ga ta kuwa a bayan ɗakina sati biyu ina gyaran kaye. Na sa kowa ya kwafe ta a shafin da ke kallon ta bakin teku. Mas'udu ya tambaya wane suna za a rubuta a ƙasa, wurin mawallafi. Na ce ya rubuta Mero. Ya ce, "Madam, ke kina kiran sunanta?" Na ce ya kiyaye ni.

Lahadi da hantsi ɗan kabu-kabu ya zo kai ni tasha. Baffa ya fito, Yalwa ta fito, Zulai ta riƙe mini jaka. Takardun suna cikin leda, ledar cikin wata ledar, a ɗaure a ƙugu. A bakin ɗakina na tarar da ƙullin dakakken gero da yaji, ba wanda ya ce ga mai shi.

Inna ba ta ƙofa. Na shiga tsakar gida na durƙusa ina fuskantar ɗakinta na ce, "Inna, zan tafi." Ba amsa. Ɗakin ma babu kowa.

Na hau babur. Da muka kai kwanar masallaci na ce wa mai babur ya dakata, na waiwaya.

Ga gefen zanen Inna shuɗi a bayan rumbu. Tana sunkuye tana leƙa ƙarƙashinsa, tana kira, "Ladi, Ladi, kur-kur-kur." Ladi kuwa tana tsaye a tsakiyar ƙofar gida, kusa da ƙafar Baffa, kowa na ganinta, tana tsattsagar ƙasa.

Na cika ƙirjina da iska.

"Ladi," na ƙwala, har mutanen masallaci suka juyo. "A faɗa wa mai turmi na ji. Duka na ji."

Zanen ya daina motsi. Can sai muryar ta fito daga bayan rumbu, ƙasa-ƙasa, irin wadda na sani.

"Ladi, a ce mata ta riƙa karyawa kafin ta fara yi wa mutane faɗa."

Mai babur ya tambaya ko mu tafi. Na ce mu tafi, ina dariya ina share fuska, sai da muka kai tasha na ga tsinken sakacen Baffa yana hannuna.